Mai Shanyewar Jiki In Ya Girma Fa?

So na ke in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda za su fita bana su kama aji, a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun sa'ad da aka tura mu koyon aikin koyarwa bara.

Makarantar da aka kai ni tana bakin unguwar Hausawa ce, a wani gari na ƙasar Yarabawa. Kullum in na fito da safe sai in bi ta ƙofar wani gida, in tarar da wani yaro ɗan kamar shekara 9 a zaune kan tabarma cikin zaure, an jingina shi da bango. Ƙafafunsa a sanƙare, sun harɗe kamar almakashi, hannunsa na dama a dunƙule, miyau yana zuba. Ƙannensa biyu suna ajina. In na gaishe shi sai ya yi ta kokawa da bakinsa, kafin amsa ta fito na yi nisa. Ran nan dai na ce bari in tsaya in jira. Ashe ba gaisuwa kaɗai ya ke so ya amsa ba. So ya ke ya gaya mini ƙanensa ya yi kuskure a lissafin da na ba su su yi a gida, wai bakwai sau takwas 56 ne, ba 54 ba. Wallahi sai da kunya ta kama ni. Yaron nan bai taɓa zama a aji ba, daga bakin ƙannensa ya ke tsintar karatu in suna hadda da dare.

Na nemi mahaifinsa, ya ce mini, "Malam, ai mun taɓa kai shi, aka ce mana nan ba wurin irinsu ba ne." Na je na sami shugaban makarantar, dattijo ne mai kirki, ban taɓa ganin ya wulaƙanta kowa ba. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, kai yaro ne tukuna. In an koya masa me zai yi da shi? Irinsu fa ba su daɗewa."

To, maganar nan tasa guda biyu ce a haɗe. Ta fari, wai ba su yin tsawon rai. Ta biyu, wai ko sun yi, ba abin da za su zama. Na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, ni kaina da haka na ke tsammani. Shi ya sa da na komo kwaleji na shiga ɗakin karatu na bi diddigin abin, ga kuwa abin da na samo.

Da farko dai mu san ciwon. Likitoci suna ce masa serebral palsi, a Hausa kuwa an fi cewa shanyewar ƙwaƙwalwa. Ni wannan suna bai gamshe ni ba, domin yana sa mutum ya zaci hankalin ne ya shanye, alhali kuwa abin da ya faru shi ne wani sashe na ƙwaƙwalwa wanda ke ba gaɓoɓi umurni ya sami rauni, tun yaro yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a shekarunsa na fari. Umurni yana fita, amma ba ya isa daidai. Sai tsoka ta sanƙare, ko hannu ya riƙa motsi ba da son mai shi ba, ko tafiya ta zama tangaɗi. Kada a haɗa shi da shan inna. Shan inna ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa, tana da allurar rigakafi, har an tabbatar a 2020 cewa asalin ƙwayarta ta ƙare a Nijeriya. Wannan kuwa ba a ɗaukarsa wurin kowa, ba shi da allura, kuma ba aikin aljannu ba ne, ko da ya ke har yanzu a wasu gidaje a kan raɗa cewa yaron ɗan ruwa ne, an musanya shi.

Wani likita a Ingila, William Little, shi ya fara bayyana shi sosai a gaban likitocin haihuwa na Landan a 1861, ya danganta shi da wahalar naƙuda. A 1897 Sigmund Freud, tun kafin ya yi suna kan wani fanni dabam, ya ce sau da yawa abin yana farawa tun a ciki. Dukansu biyu suna da gaskiya. A duniya a kan sami kamar yara 2 zuwa 3 cikin kowace haihuwa 1,000, a ƙasashen masu arziki adadin ya ragu, a irin namu ya fi yawa. Dalilan da likitocin yara suka fi gani a nan ƙasar su ne doguwar naƙuda wadda jariri ke fitowa bai yi kuka ba, da haihuwar bakwaini, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da kuma shawarar jarirai.

Bari in ɗan tsaya kan shawara, don malamin makaranta yana iya ceton yaro da baki kawai. In idon jariri ko fatarsa ta yi rawaya a makon farko, asibiti za a kai shi ran nan, ba gobe ba. Ba ruwan sukari za a ɗura masa ba, ba jiƙo ba. A asibiti a kan sa shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, dabarar da aka gano a Ingila tun 1958, in abin ya yi tsanani a canja masa jini. Kafur ɗin nan da mata ke sa wa cikin kayan jariri don ƙamshi da korar kyankyaso, likitoci sun daɗe suna hana shi, domin yana farfasa jinin wasu jarirai ya jawo shawara mai tsanani. Abin da ya sa na kawo wannan kuma shi ne, yaran da shawara ta taɓa su ne sau da yawa jikinsu ya fi murɗewa, bakinsu ya fi karkacewa, wani lokaci ga rashin ji sosai, amma hankalinsu garau. Watau wanda ido zai fi saurin yanke wa hukunci, shi ne mai yiwuwa ya fi kowa fahimta a ajin.

Abu ɗaya da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, raunin nan da ke ƙwaƙwalwa ba ya warkewa, amma kuma ba ya ƙaruwa. Ba irin ciwon da ke cin mutum a hankali har ya kai shi kabari ba ne. Saboda haka mu koma kan maganar dattijona ta fari.

Shin ba su daɗewa? A Ingila da jihar Kalifoniya ta Amurka an bi dubban masu wannan ciwo shekara da shekaru ana rubuta abin da ya same su. Abin da aka gano shi ne, yaron da ke iya tafiya ko da da sanda, kuma yana iya ci da kansa, tsawon ransa bai yi nisa da na sauran mutane ba, bisa ga yadda Allah Ya saba gudanar da al'amura. Zai yi furfura. Waɗanda abin ya yi wa tsanani ƙwarai, ba su iya ɗaga kai, ba su iya haɗiya sai da taimako, ga farfaɗiya, lalle nasu ya fi gajarta, amma ko cikinsu da yawa suna kai shekarun girma. Abin da ya fi kashe su ciwon ƙirji ne, sa'ad da abinci ko ruwa ya ɓace hanya ya sauka cikin huhu.

To, mu waɗanne ne suka fi yawa, masu tafiya ko marasa tafiya? A 2012 wata malama a Ostareliya, Iona Novak, da abokan aikinta suka tattara binciken da aka yi a wurare da yawa. Suka ce cikin yara 3 masu wannan ciwo, 1 ne ba ya tafiya. Cikin 4, 1 ne ba ya magana. Cikin 4 kuma, 1 yana da farfaɗiya. Kamar rabinsu suna da raunin fahimta, mai sauƙi ko mai tsanani, sauran rabin kuwa ƙwaƙwalwarsu ta karatu daidai ta ke da ta kowa. Yawancin wannan lissafi daga ƙasashen masu arziki ya fito, amma ya isa ya nuna mana cewa a ce "irinsu" kuskure ne. Ba iri ɗaya ba ne. Likitoci ma tun 1997 sun kasa su mataki 5, daga mai gudu da ɗan ɗingishi har zuwa wanda sai an ɗauke shi.

Amma fa kada in ɓoye inda dattijon ya ke da hujja. A gabashin ƙasar Yuganda an bi wasu yara masu wannan ciwo a ƙauyuka, aka buga sakamakon a 2020, aka tarar mutuwa a cikinsu ta ninka ta sauran yara kamar sau 25. Abin tsoro ne. Sai dai in ka duba abin da ya kashe su, za ka ga irin su zazzaɓin cizon sauro ne, da ƙarancin jini, da sauran cututtukan da ke da magani, kuma waɗanda yunwa ta riga ta ci sun fi faɗawa ciki. Ashe ba raunin ƙwaƙwalwar ne ke kisa kai tsaye ba. Yaron da a ke ɗaukar sa'a guda kafin a ba shi kwano ɗaya na koko, uwarsa kuma tana da wasu biyar da talla a gabanta, dole ya rame. Yaron da aka riga aka fid da rai da shi, in zazzaɓi ya kama shi ba a gaggawar kai shi asibiti. Sai ya mutu, mu kuma mu ce, ai dama mun faɗa ba su daɗewa. Ku duba fa, mu ne muka faɗa, mu ne kuma muka cika.

Yanzu sai magana ta biyu, wadda ta fi shafarmu mu malamai. In ya rayu me zai zama?

Ƙasar Denmak tana da rajista ta masu wannan ciwo tun da daɗewa. A 2005 aka buga wani bincike kan mutum 819 da aka haifa tsakanin 1965 da 1978, aka gwada su da tsararrakinsu masu lafiya. Kashi 33 cikin 100 nasu sun wuce ƙaramar sakandare, a tsararrakinsu kuwa kashi 77. Kashi 29 suna aikin albashi irin na kowa, a tsararrakinsu kashi 82. A wani binciken da ya biyo baya a 2006 aka ga kamar kashi biyu cikin uku suna zaman kansu, kashi 28 suna zaune da abokin zama, kashi 19 suna da 'ya'ya.

Wannan lissafi ana iya karanta shi ta fuska biyu. Mai son ya karya mini gwiwa zai ce, to ka gani, ƙasar da ke da kuɗi da asibiti da makaranta kyauta ma ba ta kai kashi 30 ba, balle mu. Gaskiya ne, har masu binciken sun ce cikin waɗanda suka yi makaranta tare da sauran yara, rabi ne kaɗai suka sami aiki. Makaranta ba laya ba ce. Amma akwai wani abu a cikin binciken da ya fi ɗaukar mini hankali. Cikin waɗanda ke iya tafiya, yawan ɗingishi ko ƙarancinsa bai yi wani tasiri mai yawa ba kan ko mutum zai sami aiki. Abin da ya fi rinjaye shi ne ƙarfin fahimtarsa, sa'an nan ko yana da farfaɗiya. Mu kuwa a bakin ƙofar makaranta ƙafa mu ke dubawa. Abin da bai cika yanke hukunci ba shi mu ke aunawa, wanda ke yankewa ba mu ko tambaya.

Ga kuma abin da na ke so 'yan'uwana su yi tunani a kai da kyau. A ƙasarmu yaro mai lafiya in bai yi karatu ba yana da mafita, ko da mai wuya ce. Zai yi noma, ko dako, ko ya tura baro a kasuwa, ko ya hau babur ya yi acaɓa, ko ya bi mota. Mai shanyewar jiki duk waɗannan ƙofofi a rufe su ke gare shi tun ran da aka haife shi. Aikin da ya rage masa na kai ne: tsaron kanti da riƙe lissafi, sayar da katin waya da tura kuɗi, aikin kwamfuta, koyarwa, aikin ofis. Duk kuwa ba mai yiwuwa sai da karatu da lissafi. Saboda haka ni a ganina cikin 'ya'yan gidan nan uku, wanda aka bari a zaure shi ya fi ƙannensa bukatar aji. In an hana shi, sana'a ɗaya ta rage, kowa kuma ya san ta, ita ce a ajiye shi bakin masallaci ko mararrabar titi da ƙoƙo a gabansa. Ran da muka gan shi can yana da shekara 30 sai mu girgiza kai mu ce ƙaddara, mun manta da safiyar da aka ce da ubansa nan ba wurin irinsu ba ne.

Akwai waɗanda aka ba dama duniya ta san su. Christy Brown an haife shi a Dablin ta ƙasar Ailan a 1932, cikin gidan talakawa mai 'ya'ya da yawa, ubansa magini. Ba abin da ya ke iya sarrafawa sai ƙafarsa ta hagu. Aka ce wa uwarsa ba shi da hankali, ta ƙi yarda. Yana ɗan shekara 5 ya fizge alli daga hannun 'yar'uwarsa da yatsun ƙafa, daga nan uwar ta shiga koya masa baƙaƙe. A 1954 ya fitar da littafin tarihin kansa, My Left Foot, watau Ƙafata ta Hagu, wanda aka mai da shi sinima a 1989. Ya yi zane, ya rubuta wasu littattafai, ya yi aure. Ya rasu a 1981 yana da shekara 49, ƙwarewa ya yi yana cin abinci, abin da ke tuna mana cewa wahalar haɗiya ba ta barin mai ita don ya yi suna. A nan kusa da mu kuma ga Farida Bedwei, 'yar ƙasar Gana wadda aka haifa a Ikko, watau Legas, a 1979. Uwarta ce ta koyar da ita a gida har ta kai shekara 12 kafin ta shiga makaranta, tana da shekara 15 ta fara koyon kwamfuta. Ta zama injiniyar manhaja, ta shiga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Logiciel a Akra, mai yi wa ƙananan bankuna manhajar lissafi, ta kuma rubuta littafi.

Ku lura, su biyun nan uwa ce malamarsu ta fari, ba makaranta ba. Wannan abin yabo ne ga iyaye mata, abin kunya kuma ga sana'armu. Uwar da ita kanta ba ta yi karatu ba fa, ɗanta ina zai nufa?

Duk da haka ba na so mu riƙa auna kowane yaro da waɗannan biyu. Yawancin masu lafiya ma ba su rubuta littafi ba, ba wanda ya ce don haka a kore su daga aji. Akwai kuma yaran da, ban da jiki, fahimtarsu ma ta taɓu ƙwarai, ba za su taɓa yin jarrabawar fita ba. Su ma akwai abin da za su samu. Yaron da aka koya wa ya nuna i da a'a, ya nuna inda ke masa ciwo, ya kai cokali bakinsa, ya faɗi yana son ban ɗaki, rayuwarsa a shekara 40 ta bambanta da ta wanda ba a koya wa ba kamar dare da rana. Ita 'ya mace wannan ya fi zama tilas gare ta, domin wadda ba ta iya faɗin abin da aka yi mata ita miyagu suka fi nema. Sa'an nan ku tambayi kowace uwa mai irin wannan ɗa abin da ke hana ta barci, za ta ce muku, "In na mutu wa zai kula da shi?" Amsar tana cikin ajinku. Yaran da suka zauna benci ɗaya da shi, suka san sunansa, suka saba da maganarsa, su ne gobe masu unguwa da 'yan kasuwa da limamai. Wanda aka ɓoye a ɗaki shekara 20, ran da iyayensa suka kau, baƙo ne a garinsu.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba shi ne tsufa yana yi musu sammako. Na ce raunin ƙwaƙwalwa ba ya ƙaruwa, haka ne, amma jikin da ya yi shekara 30 yana tafiya a karkace yana gajiya. Gwiwa da ƙugu da baya su kan fara ciwo da wuri. Cikin waɗanda ke tafiya suna yara, kamar 1 cikin 4 ko fiye tafiyar ta kan ja baya tun kafin su tsufa. Ciwon jiki kuwa abokin zamansu ne, a lissafin Novak yara 3 cikin 4 suna fama da shi. Baƙin ciki da damuwa ma sun fi yawa a cikinsu. Ga shi kuma ɗan taimakon da a ke samu, irin gashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, yawanci don yara aka shirya shi, da mutum ya girma sai a neme shi a rasa. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne, iyaye da yawa su kan ƙare shekarun yaro da dukiyarsu wajen neman ya taka, daga asibiti zuwa mai magani, suna cewa sai ya fara tafiya za a sa shi makaranta. Gashi yana da amfani ƙwarai, yana hana gaɓoɓi ƙagewa, kada a bari. Amma kada karatu ya jira ƙafa. Ƙafar da aka samu da ƙyar tana iya gazawa a shekara 40, karatun da aka samu a shekara 8 yana nan. Keken guragu kuma ba faɗuwa ba ce. Yaron da ya iso aji a keke da sauran ƙarfinsa ya fi wanda ya iso da ƙafa a galabaice ya kwanta kan tebur.

Na san abin da wasunku ke cewa a zuci, don an faɗa mini a ɗakin kwana. Aji mai yara 70 ko 80, ba isassun benci, malami ɗaya, ba a koya mana wannan fanni ba, sa'an nan a ƙara mana wanda sai an jira shi? A kai shi makarantar musamman mana. Wannan magana ba ta banza ba ce, kuma na yarda akwai yaran da bukatarsu ta fi ƙarfin aji irin namu. Na kuma yarda a ajiye yaro a bayan aji kamar buhu, ba mai ce masa uffan, ba shi ne sa shi makaranta ba. Amma makarantun musamman nawa ne, kuma a ina su ke? Yawancinsu a manyan birane, da yawa kuma don makafi da kurame aka gina su. Kwalejin Tarayya da ke Oyo tana horon malaman wannan fanni tun 1977, amma ba ta iya sa malami a kowace firamare ta ƙasar nan ba. In muka ce a kai shi can, alhali mun san ba za a kai ba, ma'anar maganarmu a mai da shi zaure.

Ba kuma alfarma ce za mu yi ba. Tun 1994 ƙasashe suka taru a Salamanka ta ƙasar Sifen suka amince makarantun kowa da kowa su karɓi kowane yaro. A watan Janairu na 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, ta ce ma'aikatun gwamnati su keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga, wa'adin da ya cika a farkon 2024. Ku zaga cikin kwalejinmu ku ƙidaya matakala, ku ga ko mu kanmu mun cika. Kuma kashi 5 ɗin nan wa zai cike shi in ba mai takardar shaida? Gurbi ba ya amfanin wanda aka tsayar tun aji ɗaya.

Abin da malami zai yi kuwa yawancinsa ba ya cin kuɗi. Babbansa jira. In ka yi tambaya, ka ƙidaya goma a zuci kafin ka wuce, ka hana 'yan aji su amsa masa. In hannu ya ƙi rubutu, a naɗa tsumma ko roba a fensir ya yi kauri, a manne takarda a tebur, in duk ya ƙi a karɓi amsa da baki, ko a rubuta baƙaƙe da lambobi a kwali ya riƙa nunawa da yatsa ko da ido. Abin da mu ke aunawa sani ne, ba kyan rubutu ba. A zaunar da shi gaba kusa da ƙofa, bayansa a tokare, tafin ƙafarsa a kan ƙasa ko kan akwati, don jikin da ke fama da neman zama ba ya sauraron darasi. In yana cin abinci ya zauna a miƙe, a hankali, kada a ɗura masa. In farfaɗiya ta kama shi a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge, kada a sa masa cokali ko wani abu a baki, kada kuma yara su watse da gudu, miyansa ba ya sa wa kowa ciwo. In ta wuce minti 5 ba ta sake shi ba, sai asibiti. Maganar jarrabawa a fara ta da hukuma tun da sauran shekara, a nema masa ƙarin lokaci ko mai rubuta masa.

Sai ban ɗaki. Ba a son faɗi, amma shi ke korar yaran nan daga makaranta fiye da lissafi. Yaron da ba ya iya tsuguno, salgar makaranta kuma rami ce a bayan fili, ran da ya ɓata wandonsa a gaban 'yan aji ba zai komo ba. Kujerar katako mai huda a tsakiya, wadda kowane kafinta zai yi da rana ɗaya, tana iya zama ita ce tsakanin yaro da takardar shaidarsa.

Ina roƙon hukumar kwalejinmu abu biyu. A sa wannan cikin abin da a ke koya wa kowane ɗalibi kafin ya fita, ba sai masu fannin musamman ba. Sa'an nan duk wanda aka tura koyon aiki a ce ya tambayi 'yan ajinsa, wa ke da wa ko ƙane a gida wanda ba ya zuwa makaranta don jikinsa, ya kawo lissafin cikin rahotonsa. Ran 6 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da masu wannan ciwo a duniya, sai mu tara abin da aka samo mu karanta a zauren taro.

Game da yaron nan nawa, kafin in baro garin dattijon ya sassauto, Allah Ya saka masa da alheri, ya ce a gwada. Wata malama 'yar aji uku, Bayarabiya, ta ce a kawo mata shi kwana uku a mako. Wani kafinta a unguwar ya yi masa kujera mai madogara, ƙanensa kuma ke turo shi a baro da safe. Da na buga waya watan jiya aka ce yana nan yana zuwa, ya fara haɗa baƙi, a lissafin ka kuwa ba mai kama shi. Sai dai ƙanen nan an ce za a mai da shi wurin kakarsu a Arewa bayan hutu, ƙaramar kuwa ba ta iya tura baro, kujerar ban ɗaki ma har yanzu ba a yi ba. Duk wanda aka tura wannan gari cikinku bana, don Allah ya neme ni a ɗakin kwana kafin ya tafi, in kwatanta masa gidan.